Makarantar da Ba Ta da Suna

Takardar ta iso gidan ne a cikin jakar makaranta, a makon ƙarshe na watan Yulin 2023, an naɗe ta tare da sakamakon jarrabawar zango na uku. Maigidan, wanda ƙaramin akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati a Zariya, ya dawo daga aiki idanunsa sun gaji, ga shi an ɗauke wuta, sai ya miƙa wa 'yarsa ta fari takardar da fitilar waya, ya ce ta karanta masa. Yarinyar tana da shekara goma, ta gama aji huɗu, sakamakon da ke hannunsa kuma ya nuna ita ce ta shida a ajinsu. Ta riƙe takardar ta daɗe tana dubanta. Ta gane sunan makarantarsu saboda tambarin da ke samansa, ta gane lambobin da ke ƙasa, amma layuka biyar na Ingilishin da ke tsakani sun gagare ta. Da ya ɗauko littafin karatunsu ya buɗe darasin farko, sai ta zubo shi tiryan-tiryan, har da inda malamarsu take ɗaga murya. Da ya ɗora yatsa a kan kalma guda a tsakiyar shafi ya ce, "Wannan fa?" sai ta sunkuyar da kai.

Abin da takardar ta ƙunsa kuwa, ƙarin kuɗin makaranta ne. Wata biyu ke nan da sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin Yuli ya fita ta zarce 600, komai na kasuwa kuma ya bi sahu. Mai makarantar ba zalunci ya nufa ba, shi da malamansa a kasuwa ɗaya suke cefane da kowa. Sai dai lissafin ba ya buƙatar alƙalami: kuɗin zango ɗaya na yara uku, a haɗa da littattafai da kuɗin Keke Napep na safe da rana, ya cinye albashin wata biyu. Maigidan ya ninke takardar ya ce, kamar mai magana da kansa, "Shekara shida ana biya. In ba ƙira, me ya ci gawayi?"

Uwar yaran tana jin su daga bakin murhu, ba ta tanka ba. Tana da takardar NCE, kuma Hausa ta karanta a kwalejin ilimi, abin da ya jawo mata ba'ar dangi tun tana ɗaliba: wai Bahaushiya ta tafi makaranta koyon Hausa. Aikin koyarwa bai samu ba, takardar ta yi shekara goma sha ɗaya a ƙasan akwati, ita kuma ta kama keken ɗinki. Kwana uku bayan zuwan takardar ta sa hijabi ta je firamaren gwamnati da ke unguwarsu a Tudun Wada, wadda ba a biyan kuɗin zango. Ta tsaya a bakin tagar wani aji ta ga yara zaune a ƙasa har bakin ƙofa, malama ɗaya tana ta fama, muryarta ta dushe. Ba ta ga laifin malamar ba. Abin da ta auna shi ne, yarinyar da ta iya ɓuya shekara huɗu a ajin mutum talatin, a wannan ajin ɓacewa za ta yi baki ɗaya.

Da dare ta ce, "Malam, ka ba ni zango ɗaya in gwada su a gida."

Ya ce, "Ke za ki koyar da su? Ɗinkin fa?"

Ta ce, "Dare yana nan."

A kan zango ɗaya aka yi yarjejeniya. Abin ya kai shekara biyu ba kaɗan.

Matsalar farko ba ta kuɗi ba ce, ta suna ce. Hausa tana da makarantar allo, tana da Islamiyya, tana da boko, tana da lesin da ake yi wa yara da yamma. Karatun zaure kuwa an riga an ba shi ma'anarsa, wato zaman manyan ɗalibai a gaban malami ana jan littattafan fiƙihu da nahawu. Amma uwar da ta zaunar da 'ya'yanta a gida tana bin manhajar firamare da su, harshen bai tanadar mata kalma ba, saboda haka maƙwabta suka yi amfani da wadda suke da ita, suka ce an cire yaran daga makaranta. A Amurka abin yana da suna da ƙungiyoyi da littattafan sayarwa. Tun 1977 John Holt ya fara fitar da mujalla domin iyaye masu wannan ra'ayi, kuma dokar kowace jiha a can ta yarda da shi. Galibin waɗancan iyaye zaɓi suka yi. Ita wannan baiwar Allah aljihu ne ya zaɓa mata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta wajabta wa uba ko mai riƙo ya tabbatar yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, ta tanadi jan kunne ga wanda ya saɓa a karon farko, sannan tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Dokar ta san halartar makaranta, ba ta tambayi ko yaro ya iya karatu ba. A bisa harafinta, shekarun da yarinyar ta yi tana hadda ba ta san baƙi ba su ne shekarun bin doka, waɗanda ta koyi karatu a cikinsu kuma su ne na saɓa mata.

Manazarcin Hausa da ya ji wannan labari zai yi saurin tuna Nana Asma'u (1793–1864) da tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke ɗaukar ilimi daga gare ta su kai wa mata a ƙauyuka da cikin gidaje. Kwatancen yana da daɗin faɗa, kuma gaskiya ne cewa koyarwar mace a cikin gida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Amma ya kamata a yi hattara da shi. Asma'u ta tsara wa ɗalibanta abin karantawa da kanta, cikin waƙe, da Hausa da Fulatanci, tana da daula a bayanta, jajojinta suna da malafa da jan ƙyalle da ke sa a san matsayinsu duk inda suka shiga. Matar Tudun Wada ciki da falo gare ta a gidan haya, da baranda mai faɗin tabarma biyu.

A barandar aka kafa makarantar. Ta samo guntun katakon silin a wurin wani kafinta, ta daka gawayi ta kwaɓa da ƙaro, ta shafe shi sau uku har ya yi baƙi ƙirin, aka rataye shi da ƙusa biyu. Kwalin sabulu da na taliya ta yanka ƙanana ta rubuta baƙaƙe da wasula a kai. Maigidan ya riƙa tsinto takardun ofis da aka zubar, waɗanda bayansu fari ne, ita kuma ta ninke su biyu ta bi tsakiyarsu da keke, su zama littafin rubutu. Abin da ake saya da kuɗi bai wuce alli da fensir ba, fensirin ma akan raba shi biyu. Ana zama daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya da rabi, bayan yaran sun dawo daga makarantar allo ta asuba; da la'asar su tafi Islamiyya kamar kowa.

Ranar farko ta zo da abin da ba ta shirya masa ba. Duk malamin da aka horar ya san darasin farko shi ne sunan ɗalibi. To, yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan uwar miji aka sa mata, wato kunya biyu ta haɗu a kan suna ɗaya. Tunda aka haife ta uwar ba ta taɓa furta shi ba. "Ke" take ce mata, da aka sami ƙanne ta koma ce mata Yaya kamar yadda suke faɗa. Ta rubuta sunan namijin a allo ta karanta, ta rubuta na auta ta karanta, sannan ta tsaya da alli a hannu. Daga baya ta rubuta shi, harafi biyar, ta juya ta ce wa namijin, "Kai, faɗa mana sunan Yayarka." Ya faɗa, ta bi gaɓoɓin da tsinke ba ta buɗe baki ba. Alkunyar ɗan fari ba a sunan kaɗai ta tsaya ba. Al'ada ta hana uwa yabon ɗanta na fari a bainar jama'a, ta hana ta nuna damuwa da shi, alhali yaron da ya yi shekaru yana ɓoye rashin iyawarsa ba abin da yake buƙata kamar a zauna kusa da shi, a dube shi, a ce ya yi daidai. Sai da ta yi makonni kafin ta iya cewa "madalla" idan yarinyar ta ci, kuma ko a lokacin allon take kallo, ba fuskarta ba.

Ta yanke shawarar ajiye Ingilishi gaba ɗaya a zangon farko, a koma Hausa daga ba, be, bi, bo, bu. Maigidan bai so ba, domin jarrabawa da Ingilishi ake yi. Yarinyar ma ba ta so ba, ta yi kuka da aka haɗa ta darasi ɗaya da ƙaninta mai shekara bakwai. Amma uwar ta san abin da aka koya mata a kwaleji, kuma a wannan karon ba don cin jarrabawa take tuna shi ba. Rubutun Hausa na boko kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, gaɓar kalma kuma iri uku ce kawai: baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwai, ko baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya riƙe wasula biyar ya san baƙaƙe, yana iya haɗa kalmar da bai taɓa gani ba, kuma da zarar ya furta ta zai gane ta, domin da ita ya tashi. Wannan ganewa ita ce ladar da ke sa yaro ya sake gwadawa, ita ce kuma aka hana yarinyar shekara shida, tana furta sautukan da ba su nufin komai a kunnenta. A mako na shida aka aike ta sayen maggi, ta dawo a guje ba ta sayo ba, tana nuna rubutun da ke jikin kuɗin: naira hamsin. Tun 2007 ƙananan takardun kuɗi suke ɗauke da ƙimarsu da Hausar boko da Yarabanci da Ibo, sun yi ta wucewa ta hannunta ba ta san suna magana ba.

Ba wani sabon abu uwar ta gano ba. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa. Gwajin shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 da harshen Yarabanci sananne ne ga duk ɗalibin ilimi. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa abin zuwa shekara shida na firamare, a ƙarshen 2025 kuma aka sanar da komawa ga Ingilishi. Duk wannan kai da komowa a kan takarda ya faru. Ƙananan makarantun kuɗi na unguwa, waɗanda abin tallarsu shi ne yaro ya dawo gida yana gaisuwa da Turanci, ba su taɓa barin abin da suke yi ba, iyaye kuma shi suke biya.

Da yaran suka fara karatu sai yunwar abin karantawa ta taso, kuma a nan ne abin takaicin yake. Zariya ce garin da aka kafa Hukumar Talifi, garin da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda aka buga littattafan Yaƙi da Jahilci aka watsa su ko'ina a Arewa. A wannan gari uwar ta zagaya shagunan littattafai da naira 1,000 a hannu tana neman abin da ɗan shekara bakwai zai karanta da Hausa. Ta ga littattafan addini, ta ga na soyayya, ta ga waɗanda aka sa a jarrabawar sakandare. Na ƙananan yara sai wani tsohon Ka Koyi Karatu da ta tsinta a wurin mai baza littattafai a ƙasa, shafuka huɗu sun fita. Ta ji labarin littattafan Mu Karanta da aka yi wa makarantun Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara, amma ba ta ci karo da ko ɗaya a kan kanta ba. Magana Jari Ce tana da shi tun na kwaleji, bangonsa ya cire; sai dai jimlolin Abubakar Imam dogaye ne, an yi su ne domin wanda ƙafarsa ta riga ta yi ƙwari, sai a shekara ta biyu yarinyar ta iya shiga cikinsa, ta kuwa shiga ba ta fito ba sai da ta kai ƙarshe. Tsakanin ba, be, bi da Imam akwai rami mai faɗi, kuma da wuya a ce masana Hausa, waɗanda suka cika kundaye da nazarin adabin yara na baka, ba su da kaso a alhakin barinsa a buɗe.

Uwar miji ce ta cike wani ɓangare na ramin, ba da niyya ba. Hajiya tun farko ba ta yarda da lamarin ba, kuma ba ilimin ne ya dame ta ba, mutunci ne. Ta zo daga cikin birni ta zauna a kan tabarma ta ce, "Yanzu me za a ce? A ce ɗana ya kasa?" Surukar ta durƙusa ta ce, "Ku yi haƙuri, Hajiya, na ɗan lokaci ne." Hajiya ta riƙa zuwa duk Alhamis, wai duba takwararta, a gaskiya kuwa sa ido. Wata Alhamis aka rubuta jimla biyu a allo: Inna ta tafi gari, Inna ta sayo gari. Namijin ya ja wasalin farko a jimlar farko, ya tura Inna cikin garin tuwo, aka yi ta dariya. Da aka gyara masa sai ya fusata ya ce ai rubutun iri ɗaya ne, ta yaya zai sani? Uwar ta ce daga ma'anar jimla ake ganewa, amsar da ita ma aka ba ta a kwaleji. Hajiya ta ce, "Maigidana, kawo allonka da tawada." Ta rubuta kalmomin biyu da ajami, ta ƙara alu a na tuwon, ta bar na birnin haka nan. Yaron, wanda ya gama babbaƙu yana cikin farfaru a makarantar allo, ya ga bambancin nan take. Hajiya ta ajiye alƙalami ta ce, "Bokonku ne ya gaza, ba yaron ba." A kan wannan gaɓa tana da gaskiya: boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ajami yana nunawa, ko da yake dukansu biyu sun bar karin sauti ga mai karatu ya cika da kansa. Daga ranar ta sami abin yi. Takan yi tatsuniya, surukar tana rubutawa a gajerun jimloli, a ɗinke da keke, yarinyar ta yi zanen Gizo da Ƙoƙi a bango. Kafin shekara sun tara ƙananan littattafai goma sha huɗu a cikin ledar shinkafa. Hajiya ba ta taɓa cewa ta sauya ra'ayi ba, kuma duk zuwa sai ta tambayi ranar da za a mayar da su.

Rubutun ya tono wata tambaya da uwar ta yi zaton ta bar ta a ajin nahawu. Yaron ya rubuta "rigan Yaya" da "jakan Umma", domin haka ake faɗa a Zazzau, haka ita ma take faɗa idan ba ta tsaya ta yi tunani ba. Daidaitacciyar Hausa kuwa, wadda aka gina a kan Kananci, "rigar" da "jakar" take so. Ta ɗaga jan biro ta fasa. Ba kuskure yaron ya yi ba, abin da kunnensa ya ji ya rubuta, kuma wannan shi ne ainihin abin da ta yi wata uku tana koya masa. A ƙarshe ta kafa doka cewa baki na mai shi ne, takarda kuma tana da nata ƙa'idar, kamar yadda ake sa wasu kaya a gida a sa wasu ranar Juma'a. Haruffa masu lanƙwasa ma sun sha wahala, saboda saƙonnin da yaran ke leƙawa a wayar ubansu ba su bambanta kare da ƙare ba, ba su bambanta bari da ɓari ba, manya ne kuma suke rubuta su.

Lissafi bai ba ta wuya ba. Marfin kwalba da ƙwallon dabino sun isa tarawa da ɗebewa, kuɗin cefane ya isa sauran. Kason lamba kuwa a kan yadi aka koye shi, da tef ɗin awo da almakashi: rabin yadi, kwatan yadi, inci talatin da shida a raba uku. Da aka zo neman sunayen sauran kaso sai maigidan ya tuna da karatun rabon gado, ya kawo sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, kalmomin da suka daɗe a bakin Hausawa ta hanyar fiƙihu, amma littafin lissafin firamare bai san da zamansu ba.

Inda abin ya yi rauni shi ne Ingilishi da kimiyya, kuma ba ta ɓoye ba. Da aka dawo da Ingilishi a zango na biyu yarinyar ta tunkare shi da ƙa'idar Hausa, tana ba kowane harafi haƙƙinsa, sai da aka yi aiki kafin ta yarda cewa akwai harshen da ke rubuta harafi ba ya furta shi. Ta kai ga karanta shafi ta fahimta a hankali, abin da da ba ta iyawa, amma magana ta ragu, domin uwar kanta ba ta sake da shi ba, uban da ya ɗauki nauyin darasin dare kuma sau da yawa barci ke riga shi. Kimiyya ba ta wuce wake da aka shuka a gwangwanin madara da awon inuwar turmi ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a ko'ina ba. Idan aka ce karatun gida yana da arha, ana nufin ba a biyan malamar. Sa'o'in safe su ne na ɗinkinta. Da ta mayar da shi dare a ƙarƙashin fitila mai caji, aiki ya riƙa makara, masu kawo ɗinki uku suka koma wani wuri, idanunta suka fara ruwa. A azumin 2024 ta rufe makarantar mako uku cur saboda ɗinkin Salla, domin da shi za a biya haya. Namijin ma ya biya nasa kason. Da safe yakan tsaya a ƙofar gida yana kallon yara cikin kayan makaranta suna wucewa, ba ya cewa komai. Ya zama mai saurin faɗa. Yaron da malami ya doka yakan gudo wurin uwarsa. Shi wannan idan an dake shi a baranda, ɗakin da zai shiga ma nata ne. Ta lura da haka ta ajiye bulala, ta kuma karɓi yaran maƙwabta huɗu, ba don abin da iyayensu ke kawowa ba, wanda bai wuce sabulu da tiyar masara ba, sai don a sami wanda zai yi gasa da shi, su yi faɗa su shirya. Da wasu suka ƙara kawo nasu ta ƙi, saboda mai gidan hayar ya fara magana, kuma ta san idan yara suka yi yawa abin zai zama makarantar da ke buƙatar rajista.

Surutun unguwa ya lafa a watan Maris na 2024, lokacin da aka kwashe ɗalibai daga makarantarsu a Kuriga, a cikin jihar Kaduna. Matan da ke cewa an cuci yara suka koma cewa ta yi dabara. Ba ta karɓi yabon ba, domin ta san ba tsoro ne ya sa ta fara ba, kuma yaran Kuriga ba su yi laifin komai ba da suka tafi makaranta.

Abin da ba ta iya ɗinkawa da keke shi ne takardar shaida. Shiga ƙaramar sakandare yana bukatar jarrabawa, jarrabawar kuma ta hannun makaranta ake rajistarta. A farkon zango na uku na 2025 ta kama hannun yarinyar suka koma firamaren da ta taɓa leƙawa ta taga. Hedimastan dattijo ne, ya saurare ta har ta gama, sannan ya jawo jaridar Aminiya daga ƙarƙashin fayil ya miƙa wa yarinyar. Ta karanta sakin layi biyu ba ta tsaya ba. Ya ba ta littafin Ingilishi na aji shida, ta karanta a hankali, ta yi tuntuɓe sau uku, ya tambaye ta ma'anar abin da ta karanta ta faɗa masa da Hausa. Ya ba ta rabawa mai saura, ta yi. Ya cire tabarau ya ce da a ce rabin 'yan aji shidansa za su yi haka, da ya yi barci da daɗi.

Ya buɗe babban littafin rajista ya ce, "Malama, sunanta?"

Uwar ta dubi ƙasa. Yarinyar ta karɓi biron ta rubuta da kanta, da sunan uba.

"Makarantar da ta baro?"

Ta faɗi sunan tsohuwar makarantar, ta ce amma tun 2023 ne.

"Daga nan fa?"

"A gida take, ranka ya daɗe."

Ya riƙe biron a saman gurbin ya yi jim. Ya ce ba zai rubuta ƙarya ba, kuma idan ya rubuta gida, mai duba makarantu zai tambaye shi wane gida, lamba nawa. Ya ja ɗan gajeren layi a gurbin ya wuce na gaba.

Ranar Litinin yarinyar ta tafi da kayan makarantar da uwar ta ɗinka a daren Lahadi, da guntun buhu na zama, da littafin Imam a cikin jaka ko da ba a buƙace shi ba. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 tun Yulin 2024, amma kasuwa ta riga ta cinye ƙarin, don haka maganar mayar da sauran biyun makarantar kuɗi ba ta taso ba tukuna. Ƙarfe takwas uwar ta fito baranda ta ga allon ya koɗe, ta aiki auta ya ɗebo gawayi. Namijin yana daka shi a turmi ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, ko shi ma idan ya kai aji shida za a kai shi. Ta ce ya daka da kyau, akwai sauran tsakuwa a ciki.